Yadda Ake Duba Takardar Neman Gina Rukunin Gidaje a Ƙaramar Hukuma

Ranar da aka fara zaunar da mutum a kwamitin tsara gari, abin da ake miƙo masa fayil ne mai kauri da zane mai launi: gidaje a jere, bishiyoyi kore shar, yara na wasa a fili. A shafin farko an rubuta cewa kashi kaza na gidajen na masu ƙaramin ƙarfi ne. Na daɗe a wannan aiki, fayiloli irin wannan sun bi ta hannuna da yawa, kuma abin da nake so ka riƙe tun yau, kai sabon shiga, shi ne zanen nan ba ya ɗaure kowa. Abin da ke ɗaure mai gini shi ne abin da kuka rubuta cikin sharuɗɗan izini, da lamba, da wa'adi, da abin da zai same shi in ya saɓa. Duk matakan da ke ƙasa hanya ce ta isa ga waɗannan sharuɗɗan.

Dokoki sun bambanta. A wata ƙasar ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin da kanta, a wata kuma shawara kawai take bayarwa, hukumar da ke sama da ita ta yanke. Ko wanne ne naku, duban iri ɗaya ne.

Abin da za ka tanada

- Dokar tsara gari da ƙa'idojin gini da ke aiki a yankinku. Ka sami kwafinka na kanka, ka karanta, ka ja layi a ƙarƙashin wuraren da suka yi maganar wa'adi, nisan gini daga hanya, da ikon gindaya sharaɗi.
- Babbar taswirar garin, wadda ta nuna inda aka ware wa gidaje, kasuwa, masana'antu, noma, da hanyoyin da za a fitar nan gaba.
- Fayil ɗin mai nema gaba ɗaya, ba taƙaitawar da ofis ya yi ba.
- Tef ɗin awo mai tsawo, rula, fensir, da na'urar lissafi. Ta cikin waya ma ta isa.
- Waya mai kyamara, da littafi guda da ka keɓe wa wannan aikin kaɗai. Kowane shafi da kwanan wata.
- Bayanin abin da magidanta ke samu a wata a yankin, da kuɗin hayar da ake biya yanzu.
- Takalmin da zai iya shiga taɓo.

In garinku ba shi da babbar taswira, ko wadda ake da ita ta tsufa har gari ya wuce ta, buɗe hoton tauraron ɗan'adam a Google Earth. A na kwamfuta akwai wurin da ake komawa hotunan shekarun baya, ka ga yadda filin yake kafin yau. Hoton nan ba shi da ƙarfin doka, amma yana tona abubuwa da yawa.

1. Fara da kanka, sannan ka ƙirga kwanaki

Kafin ka karanta layi ɗaya, duba sunan mai nema, da na mai filin, da na kamfanin da ya yi zanen. In akwai ɗan'uwanka, ko abokin kasuwancinka, ko kana da fili a maƙwabtaka wanda darajarsa za ta tashi in an yi ginin, faɗa wa shugaban kwamiti a rubuce, ka fita daga zaman. Kada ka karɓi komai daga mai nema, ko da an kira shi kuɗin mota, ko alkawarin fuloti in an gama. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kada kuma ka gana da shi kai kaɗai. In zai yi bayani, ya yi a ofis, da wani ma'aikaci a zaune, a rubuta.

Daga nan duba ranar da aka karɓi takardar. Kusan kowace doka tana da wa'adin da dole a ba da amsa. A Ingila mako 8 ne ga ƙananan ayyuka, mako 13 ga manya. A Faransa, a mafi yawan lokuta, in wa'adi ya cika hukuma ba ta ce uffan ba, ana ɗauka ta amince. Nemi sanin naku, ka rubuta ranar ƙarshe a bangon fayil da babban rubutu. Jan ƙafa yana cutar da mai gini na kirki, wanda bashinsa ke ta hawa yana jira, kuma yana ba maras gaskiya hujjar cewa ku kuka ɓata masa lokaci.

2. Duba ko fayil ya cika, kuma filin na wanda ya ce nasa ne

Fayil cikakke yana ɗauke da takardar mallaka, awon safiyo mai sa hannu da hatimi, zanen shimfiɗar unguwa, zanen kowane irin gida, tsarin magudanan ruwa da na bayan gida, bayanin inda ruwan sha da lantarki za su fito, da rahoton tasirin aikin ga muhalli in girmansa ya kai. Abin da babu, rubuta wa mai nema wasiƙa ɗaya ka jera su duka. Kada ka riƙa tambayarsa ɗaya bayan ɗaya, yau wannan gobe wancan.

Takardar mallaka kuwa, kada ka tsaya kan kwafin da aka kawo. A aika ofishin rajistar filaye a tabbatar da suna, da lamba, da girman filin, a kuma duba ko an jinginar da shi ko yana gaban kotu. Gwada girman da ke takardar mallaka da wanda ke awon safiyo da wanda ke zanen shimfiɗa. Ukun nan dole su zo daidai. In zane ya fi takarda faɗi, to an shiga filin wani, ko hanya, ko bakin rafi.

3. Ɗora shi a kan taswirar gari

Wannan ba ya cin lokaci. An ware wurin don gidaje? Akwai hanyar da aka tsara za ta ratsa ta ciki? Akwai babbar wayar lantarki, bututun mai ko na gas, layin dogo, ko maƙabarta? Kowannensu yana da tazarar da doka ta ce a bari. In mai nema yana son a sauya wa filin manufa, daga noma zuwa gidaje misali, ka sani alfarma babba yake nema, domin sa hannun nan kaɗai yana ninka darajar filin tun ba a sa bulo ɗaya ba. Ajiye wannan a ranka, za ka buƙace shi a mataki na 7.

4. Taka filin da ƙafarka

Gani ya kori ji. Ban taɓa zuwa fili na dawo ba tare da na ga abin da fayil bai faɗa ba.

Je sau biyu in da hali: sau ɗaya tare da kwamiti da mai nema, sau ɗaya kai da wani ma'aikaci bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi. Nemi duwatsun iyaka na safiyo, ka tsaya a kan kowanne, ka ɗauki hoto. Auna faɗin hanyar da ta shigo filin da tef, kada ka yi ƙiyasi da ido. Zagaya gefe-gefe, domin abin da ake ɓoyewa ba a tsakiya yake zama ba.

Duba inda ƙasa ta gangara. Ina ruwa ke shigowa, ina yake fita, gidan wa ke ƙasa? Ciyawar da ke son danshi, laka mai tsagewa in ta bushe, tarkacen da ruwa ya rataya a jikin itatuwa, da layin danshi a bangon gidajen maƙwabta, duk shaidu ne cewa ruwa na kwana a wurin. In rani ne ba ka ga komai ba, tambayi tsofaffin da suka daɗe a unguwar inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da aka fi yin ambaliya. Za su nuna maka da hannu, kuma sau da yawa sun fi rahoton da ke fayil gaskiya.

Sannan duba mutane. Akwai mai noma wurin? Akwai masu zama a ciki, ko da a bukka ne? Akwai turbar da jama'a ke bi zuwa makaranta ko rijiya, ko hanyar dabbobi? Fili yana iya zama babu kowa a takarda alhali mutane da dama na ci daga gare shi. Rubuta su. Maganar diyyarsu ko sauya musu wuri dole ta shiga sharuɗɗa. Rukunin gidajen talakawa da aka fara shi da korar waɗanda suka fi kowa talauci ya fara da ƙafar hagu.

Kafin ka bar wurin, ka auna da agogo minti nawa ne a ƙafa zuwa inda ake samun motar haya, da makarantar firamare, da asibiti mafi kusa.

5. Zauna ka yi lissafi

Ba sai kai injiniya ba ne. Bari mu ɗauki misali: fili hekta 4, ana son gina gida 200, an yi alkawarin kashi 20 cikin ɗari na masu ƙaramin ƙarfi ne.

Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, don haka filin 40,000 ne. In zane ya ce kowane fuloti mita 15 ne a 20, wato 300, to fuloti 200 sun ci 60,000. Sun fi filin gaba ɗaya, ba a ma fitar da hanya ba. Kada ka ce ba za a kawo irin wannan ba, ana kawowa. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai, UN-Habitat, tana ba da shawarar hanyoyi su ɗauki aƙalla kashi 30 na fili. A misalinmu hekta 1.2 ke nan. Cire kashi 10 na filin wasa, makaranta da sauran bukatun jama'a, saura hekta 2.4. Raba wa gida 200, kowanne ya tashi da murabba'in mita 120. Ana iya yin gida mai kyau a wannan, musamman in a jere ne bango ɗaya ko bene, amma dole zane ya nuna hakan.

Kuskuren da sababbi ke yi a nan shi ne tsoron yawan gidaje. Suna ganin ƙananan fuloti sai su ce a rage. Ka sani kowane gida da ka rage, kuɗin filin da na hanya da na kwalbati sun koma kan sauran, farashi ya hau. Abin tsoro shi ne yawan mutane babu ruwa, babu magudana, babu hanyar da motar kashe gobara za ta shiga ta juya.

Sai mutane. Ninka yawan gidaje da matsakaicin yawan mutanen gida a yankinku. In biyar ne, mutum 1,000 ke tafe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum na bukatar lita 50 zuwa 100 a rana don sha, girki, wanka da wanki. Wato lita 50,000 zuwa 100,000 kullum. Daga ina? In an ce daga famfon gari, a kawo wasiƙar hukumar ruwa da ta ce tana da wannan ruwan. In an ce rijiyar burtsatse, a kawo sakamakon gwajin yawan ruwan da take bayarwa, a kuma faɗi wanda zai riƙa gyara ta bayan mai gini ya tafi. In ramin masai za a yi a kowane gida, ƙa'idar da aka fi bi ita ce ya nisanci rijiya da mita 30, gindinsa kuma ya ɗara ruwan ƙarƙashin ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi. A fuloti mai murabba'in mita 120 wannan tazarar ba ta samuwa in kowa zai haƙa rijiyarsa, don haka dole ruwan sha ya zo daga wuri guda.

Ruwan sama shi ne wanda aka fi mantawa. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. In aka yi ruwa milimita 50 a filinmu, lita miliyan 2 ta sauka. Yana fili mai ciyawa, ƙasa na shanye mafi yawa, wataƙila kashi ɗaya cikin biyar ne ke gudu. In aka rufe shi da kwano da kwalta da siminti, kashi 70 ko fiye zai gudu, kuma cikin gaggawa. Daga lita 400,000 an koma miliyan 1.4. Tambayar da za ka yi ita ce ina lambatun ya ƙare. Zane da yawa suna nuna magudana har bakin iyakar fili, sai kibiya ta nuna waje. Wajen nan gidan wani ne. A nuna maka inda ruwan zai shiga, da shaidar cewa wurin zai ɗauka, ko a ware wuri cikin filin da zai tara ruwan ya sake shi a hankali.

In ƙaramar hukumarku ba ta da injiniya, ku nemi aron na hukumar da ke sama da ku, ko ku ɗauki mai zaman kansa, mai nema ya biya ta asusun hukuma, ku kuma ku zaɓe shi. Kada mai nema ya kawo wanda zai duba aikinsa.

6. Matse kalmar "masu rahusa" har ta zama lamba

Nan ne zuciyar aikin, nan kuma aka fi yaudarar kwamiti. Akwai tambayoyi shida, kuma kada ka bar ko ɗaya.

*Rahusa ga wa?* Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne kada kuɗin gida, haya ko biyan bashin saye, haɗe da ruwa da wuta, ya wuce kashi 30 na abin da iyali ke samu. Daga Amurka ya yaɗu: a 1969 aka kayyade hayar gidajen gwamnati a kashi 25 na samun mai haya, a 1981 aka ɗaga zuwa 30. Mai samun 100 a wata, gidansa kada ya wuce 30. Sai ka juya lissafin: ɗauki kuɗin da mai gini ya ce za a riƙa biya a wata, raba da 0.3, ka ga irin samun da mutum ke bukata kafin ya shiga. Gwada da samun mutanen da aka ce don su ake yi: malamin firamare, direba, mai gadi, mai ƙaramar sana'a. In ba su kai ba, gidan ba nasu ba ne, ko me aka rubuta a allo.

Ka kula, ragi daga farashin kasuwa dabam, iya biya dabam. A Ingila tun 2011 akwai hayar da ake kira mai rahusa wadda za ta iya kaiwa kashi 80 na hayar kasuwa, kuma a unguwanni masu tsada kashi 80 ɗin nan ya fi ƙarfin ma'aikaci. A ɗaure farashi da samun mutane. Ni a ganina ma kashi 30 ya yi wa talaka na ƙasa yawa, domin abin da ya rage masa ba ya isar abinci da magani. In kuna da iko, ku ware wani kaso na gidajen ga waɗanda ke can ƙasa. Ka haɗa da kuɗin da ake karɓa na gadi, shara da gyara, da kuɗin da ake fara ajiyewa kafin a ba da makulli. Ka kuma tuna da awon da ka yi da agogo: gida mai arha a bayan gari, inda kuɗin mota zai cinye ragin, bai rage wa kowa komai ba.

In babu alƙaluman samun jama'a a hukumance, ku yi naku. Tsarin albashin ƙananan ma'aikata, mafi ƙarancin albashi na doka, da tambayar masu haya gida-gida a unguwanni uku ko huɗu sun isa su ba ku ma'auni. Ku rubuta yadda kuka samo shi.

*Guda nawa, kuma masu girman me?* Kashi 20 na 200 gida 40 ne. A rubuta 40. Amma in 40 ɗin duk ɗaki ɗai-ɗai ne, sauran 160 masu ɗaki huɗu, to an cika alkawari a ƙirga, an karya shi a fili. UN-Habitat na ɗaukar fiye da mutum uku a ɗaki ɗaya a matsayin cunkoso. A rubuta yawan ɗakuna da faɗin kowane gida.

*A ina cikin filin?* A sa musu lamba a zane. Duba kada a tura su kwari inda ruwa ke taruwa, ko gindin wayar lantarki, ko bayan katanga da ƙofa dabam. A birnin Niyok na Amurka an yi ce-ce-ku-ce mai zafi kan dogon benen da aka yi wa masu rahusa ƙofar shiga tasu ta gefe. Hanya ɗaya, ruwa ɗaya, ingancin gini ɗaya.

*Yaushe?* Wannan na koye shi da ciwo. Mun taɓa amince wa wani aiki mai zango uku, gidajen masu ƙaramin ƙarfi duk suna zango na uku. Aka gina na ɗaya da na biyu, aka sayar, kamfanin ya ce kuɗi sun ƙare. Iyalan da suka rubuta suna sun yi shekaru suna zuwa ofis suna tambaya, ba mu da abin da za mu riƙe kamfanin da shi, domin ba mu rubuta ba. Tun daga ranar nake dagewa a kan sharaɗi irin wannan: ba za a ba da takardar shiga gida na 81 cikin waɗanda za a sayar a farashin kasuwa ba sai an kammala 20 na masu rahusa, ba za a ba da ta na 141 ba sai an kammala duka 40.

*Har zuwa yaushe?* In aka sayar wa mutum gida da ragi babu wani sharaɗi, gobe zai sayar a farashin kasuwa, ragin ya tafi da mutum ɗaya. Gundumar Montgomery a jihar Maryland ta Amurka, wadda tun shekarun 1970 take tilasta wa manyan masu gini ware kaso na gidaje masu sauƙi, ta fara da wa'adi gajere, gidaje masu yawa suka fice daga tsarin. Daga baya ta mayar da shi shekara 30 ga na sayarwa, 99 ga na haya. A rubuta wa'adin a jikin takardar mallakar kowane gida a ofishin rajista, yadda duk wanda ya saya zai gaje shi. Wata hanyar ita ce hukuma ko wata amintacciyar ƙungiya ta riƙe filin, a sayar da ginin kawai.

*Wa zai zaɓi masu shiga?* In ba a faɗa ba, 'yan'uwan masu iko ne za su shiga. A rubuta ƙa'idar cancanta, a buɗe rajista a bainar jama'a, in masu nema sun fi gidajen yawa a yi ƙuri'a a gaban kowa, a haramta bayar da gidan haya ga wani.

7. In mai gini ya ce ba zai ci riba ba

Zai faɗa, kuma wani lokacin gaskiya ne. Kada ka ƙaryata shi, kada kuma ka gaskata shi. Ce ya kawo lissafi: abin da zai samu in ya sayar, kuɗin gini, kuɗin ruwan bashi, kuɗin fili, da ribar da ya sa wa kansa. A ba masani mai zaman kansa ya duba. Wurare biyu ake cusa ƙari: a kumbura kuɗin gini, a rage farashin sayarwa. Gwada farashin da ya rubuta muku da wanda yake tallatawa ga masu saye. A Ingila, inda sashe na 106 na dokar tsara gari ta 1990 ya ba ƙananan hukumomi damar ƙulla irin wannan yarjejeniya, jagorar gwamnati ta ɗauki ribar kashi 15 zuwa 20 na darajar aikin a matsayin daidai, ta kuma ce tsadar da mutum ya sayi fili ba hujja ba ce ta ƙin cika ƙa'ida. Wannan magana ta biyu tana da amfani a ko'ina.

In dokarku ba ta ba ku ikon tilasta kaso ba, kuna da abin musaya. Sauya manufar fili, ƙarin hawa ɗaya a bene, rage girman fuloti, rage wuraren ajiye mota, saurin ba da izini, ko filin hukuma: kowanne kuɗi ne a wurinsa. Kada a ba da ko ɗaya kyauta. In kuma da gaske ginin ya fi ƙarfin aikin, akwai tsohuwar hanyar da Bankin Duniya ya fara tallafa wa a Senegal a 1972: a yanka ƙananan fuloti, a kai hanya da ruwa da magudana, mai shi ya gina a hankali gwargwadon ƙarfinsa. In mai gini ya ce zai ba da kuɗi a maimakon gidajen masu rahusa, ka yi hattara. Sai in kuɗin sun isa gina 40 ɗin a wani wuri mai kyau, akwai filin a hannu, kuma asusun a keɓe yake ba a taɓa shi don albashi.

8. Ji ta bakin jama'a

A kafa sanarwa a jikin filin, a aika wa maƙwabta, a ajiye zane inda kowa zai gani kwanaki kafin zama. A sa zaman a lokacin da mai aikin yini zai iya zuwa. Ka lura da waɗanda suka cika ɗakin: galibi masu gidaje ne na kusa. Waɗanda za su zauna a sababbin gidajen ba su san ma ana yi ba. Ku neme su, masu haya, mata, matasan da ke shirin aure, ku karɓi ra'ayi a rubuce ko ta waya daga wanda bai samu zuwa ba.

Raba ƙorafi gida biyu. Wanda ya ce ruwa zai shigo masa, ko hanya za ta toshe, ko bene zai leƙa tsakar gidansa, ya kawo magana; a bincika, a amsa masa a rubuce. Wanda ya ce ba ya son "irin waɗannan mutane" kusa da shi, a saurare shi da ladabi, amma wannan ba dalilin hana izini ba ne, kada kuma a bari ya saka masa rigar cunkoson motoci ya dawo da shi.

9. Rubuta sharuɗɗa, a yanke

Zaɓi huɗu ne: amincewa, amincewa da sharaɗi, ɗagewa don a kawo wani abu takamaimai, ko ƙi. Kowanne a rubuta dalilinsa, a jingina shi da sashen doka, domin mai nema yana da damar ɗaukaka ƙara, kuma hukuncin da ba shi da dalili a rubuce ba ya tsayawa.

Gwada kowane sharaɗi da tambaya uku: me za a yi, kafin yaushe, wa zai tabbatar? "Mai gini zai samar da isassun magudanai" ba sharaɗi ba ne. "Za a kammala magudanar da ke zane mai lamba kaza, injiniyan hukuma ya sa hannu, kafin a aza harsashin gida na farko" shi ne sharaɗi. Goge duk "gwargwadon iko" da "in hali ya yi". A karɓi jinginar banki da ta kai kuɗin hanyoyi da magudanai, yadda in ya gudu hukuma za ta ƙarasa da kuɗinsa. A sa cewa sharuɗɗan na bin filin ne ko an sayar wa wani kamfani. A sa ranar da izinin zai mutu in ba a fara aiki ba. Lauyan hukuma ya karanta kafin kowa ya sa hannu, kuma a buga wa zanen da aka amince da shi hatimi shafi-shafi, da kwanan wata, don kada a musanya shi.

10. Bi sawu

Kwafe sharuɗɗan a takarda ɗaya, kowanne da ranarsa da sunan ma'aikacin da zai duba, ka manna a cikin bangon fayil. Je fili lokacin da aka kafa turakun fuloti, kafin a haƙa komai, ka auna faɗin hanya da filin wasa. A wannan ranar gyara cire turke ne kawai, bayan wata uku kuwa rushe gini ne. Koma lokacin magudanai, koma lokacin da aka kai gida na 80.

Ka sa ido kan takardar "ƙaramin gyara" da ke zuwa bayan hankali ya kwanta. Ta nan filin wasa ke zama fuloti shida, gida mai ɗaki biyu ya koma ɗaya. Duk gyaran da ya taɓa yawan gidaje masu rahusa, girmansu, wurinsu ko lokacinsu, a dawo da shi gaban cikakken kwamiti. Shekara ɗaya bayan an shiga, ɗauki jerin sunayen waɗanda aka ba gidaje 40 ɗin, ka bi ƙofa-ƙofa ka ga ko su ne a ciki, ka tambaye su nawa suke biya a wata, ka rubuta amsar a littafinka kusa da lambar da ke cikin izini.